Hawan Jini da Motsa Jiki: Haƙƙin Zuciya a Kan Mai Ita

 Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wata cuta ce wadda da wuya a sami gidan da ba ta leƙa ba, watau hawan jini, da kuma wata tambaya da masu fama da ita suke yawan yi: shin wanda likita ya ce masa jininsa ya hau, kwanciya ta fi masa ko motsa jiki?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fili shi ne, malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun lissafta kiyaye rai a cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare. Jiki kuwa amana ne a hannun mai shi. Buhari ya ruwaito cewa sa'ad da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya matsa wa kansa da azumi kullum da tsayuwar dare, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana shi, ya tunashe shi cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa. To, in har ba a yarda a raunana jiki saboda nafila ba, ina ga raunana shi saboda kasala da sakaci?

MENE NE HAWAN JINI?

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare, tana tura jini kamar lita biyar a kowane minti ɗaya idan mutum yana zaune. Jinin nan yana bin jijiyoyi, yana tunkuɗar bangonsu yayin da yake wucewa. Ƙarfin wannan tunkuɗa shi ake aunawa a asibiti.

Manomin lambu ya fi kowa saurin gane wannan. Injin ban ruwa ya tura ruwa cikin tiyo mai laushi, mai faɗi, ruwa ya tafi salin alin. Amma in tiyon ya ƙanƙance, ko ya bushe ya yi tauri, sai injin ya riƙa gurnani, ya yi zafi, tiyon kuma wata rana ya fashe a inda ya fi rauni. Haka zuciya take da jijiyoyi.

Sanin wannan al'amari bai samu a dare ɗaya ba. Ibnu Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya, ya ratsa huhu, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana zagayen jini a jiki duka. A 1733 wani Bature, Stephen Hales, ya ba da labarin yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar goɗiya, jini ya hau bututun fiye da ƙafa takwas. Abin nan kuwa da ake ɗaura wa mutum a damtse a hura masa iska, wani likitan Italiya ne, Riva-Rocci, ya fito da shi a 1896, sa'an nan a 1905 wani likitan Rasha, Korotkoff, ya ƙara da sauraron bugun jijiya, aka sami lambobi biyu da muke ji yau.

Lamba ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Wanda nasa bai kai 120 bisa 80 ba, yana cikin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini in an auna shi a ranaku biyu dabam dabam aka sami 140 ko fiye a sama, ko 90 ko fiye a ƙasa. Likitocin zuciya na Amurka sun sauko da tasu iyaka zuwa 130 bisa 80 a 2017.

Hukumar nan ta fitar da rahoto a 2023 wanda ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019. Kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma wajen mutum ɗaya ne kaɗai cikin biyar jininsa ya daidaita ta hanyar magani. A Nijeriya ma, binciken likitoci ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na manya suna ɗauke da shi.

Sharrin wannan cuta shi ne shirunta. Mutum ya shekara goma da ita, yana cin kasuwarsa, ba ciwon kai ba jiri. Amma a ɓoye bangon zuciya yana ta kauri saboda wahala, har ta gaji ta kasa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna lalacewa, har ɗaya ta toshe ko ta fashe, sai a ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙoda tana ƙonewa sannu a hankali. Gani yana raguwa. Sau da yawa abin da ake ɗora wa iska ko sammu, hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba.

ASALIN TSORON MOTSI

Masu cewa mai hawan jini ya kwanta ya huta, ba su rasa abin da suka gani ba. Gaskiya ne, yayin da mutum yake tafiya da sauri ko yana wani aiki, lambar sama tana hawa, domin tsoka tana neman ƙarin jini. Sai dai wannan hawa na ɗan lokaci ne. Da an gama, jijiyoyi suna nan a buɗe, jini ya sauko ƙasa da inda yake kafin a fara, ya zauna haka sa'o'i da dama, wani lokaci har kusan yini guda. Wanda ya maimaita wannan gobe da jibi, ya mai da shi al'ada, sai saukin ya zama na dindindin gwargwadon dawwamarsa a kai.

Dalilan haka sanannu ne ga likitoci. Na farko, gudun jini a cikin jijiya yana sa bangonta ya fitar da wani sinadari mai sassauta ta, ta yi laushi ta buɗe. Na biyu, zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a bugu guda, saboda haka ba ta bukatar yawan bugu idan ana hutawa. Na uku, jijiyoyin nan masu ɗaga hankalin jiki, waɗanda ke sa zuciya ta yi sauri idan an tsorata ko an fusata, suna lafawa. Na huɗu, ƙiba tana raguwa, sukarin jini da kitsensa suna daidaita, barci ya yi daɗi. An kuwa ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, lambar sama takan sauka da wajen maki ɗaya.

A nan akwai wata fa'ida ta lugga. Motsa jiki da Larabci sunansa riyala, asalin kalmar kuwa horar da doki ne har ya yi linzami, ya bi umurnin mahayinsa. Daga nan malaman tarbiyya suka ari kalmar suka yi maganar horar da rai. Dokin da aka ɗaure a turke wata shida ana ba shi dawa da harawa, ran da aka hau shi aka yi sukuwa, haki zai kashe shi. Ba a kuwa gyara shi da ƙarin ɗauri, sai da kilisa kullum, kaɗan kaɗan. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, a littafinsa Alƙanun ya sa riyala a gaba cikin hanyoyin tsare lafiya, abinci da barci suna biye, ya kuma siffanta ta da cewa motsi ne na ganin dama wanda ke sa numfashi ya ƙaru.

ABIN DA BINCIKE YA TABBATAR

A 1953 wani likita a London, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin, mutum wajen 31,000. Motocin masu bene ne. Direba yana zaune yini zubur, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, sa'o'in aiki ɗaya. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi yawa ga direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kisa. Ya sake dubawa tsakanin masu yawon rarraba wasiƙu da akawuna masu zaman ofis, ya sami haka nan. Shi kansa likitan ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Tun daga nan aka yi ta gwaje-gwaje a kan masu hawan jini su kansu. Abin da aka tattara shi ne, mai hawan jini in ya dawwama a kan tafiyar ƙafa da sauri, ko tuƙa keke, ko iyo, lambarsa ta sama takan sauka da maki 5 zuwa 8. Kada mai karatu ya raina wannan. A 2021 an haɗa sakamakon gwaje-gwajen magungunan hawan jini masu yawa, aka ga cewa saukar maki 5 kawai tana rage hatsarin manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki da wajen kashi 10 cikin 100.

A 2023 kuma wasu masana a Ingila sun tattara gwaje-gwaje 270, na mutane fiye da 15,000, suka ga kowane irin motsa jiki yana saukar da jini, amma wanda ya fi saukarwa shi ne irin wanda ake ɗaure tsoka a tsaya cik ba motsi. Misalinsa, mutum ya jingina bayansa da bango, ya ɗan durƙusa kamar mai zama a kujerar da babu ita, ya tsaya haka minti biyu yana numfashi yadda ya saba, ya huta minti biyu, ya maimaita sau huɗu, kwana uku a mako. Wannan ba ya bukatar fili ko kuɗi, sai dai mai ciwon gwiwa ya yi hattara, mai farawa kuma kada ya durƙusa sosai.

GWARGWADON DA AKE BUKATA

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, wadda ta haɗa har da masu hawan jini, ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, sa'an nan ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da abin da zai taimake shi tsayuwa daram, domin gudun faɗuwa. Minti 150 ɗin nan, rabin sa'a ke nan kwana biyar a mako. Ba kuma dole ne a yi shi a tashi ɗaya ba. Minti biyar nan, goma can, duk suna shiga lissafi.

Yaya mutum zai gane motsinsa matsakaici ne? In yana tafiya numfashinsa ya ƙaru, jikinsa ya ɗumama, yana iya magana da abokin tafiyarsa amma ba zai iya rera karatu da jan numfashi ba, to ya dace. In kuwa ko kalma uku ba ya iya haɗawa sai ya tsaya haki, ya wuce matsakaici, sai ya sassauta.

Masu wayar hannu mai ƙidaya taku sukan ji ana cewa sai an yi taku 10,000. Asalin wannan adadi sunan wani ma'aunin taku ne da aka sayar a Japan a 1965. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna cewa wanda ya kai shekara 60 yana samun mafi yawan amfanin a taku 6,000 zuwa 8,000, wanda bai kai ba kuwa 8,000 zuwa 10,000. Wanda yake yin 2,000 ya koma 4,000 ma ya ci riba.

TAFIYA MASALLACI

Bari mu yi wani ɗan lissafi. A ce tsakanin gidan mutum da masallaci tafiyar minti biyar ce. Zuwa da komowa sau biyar, minti 50 ke nan a yini. Muslim ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su taso su komo kusa da masallacin Annabi, sai ya umurce su su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu sawayensu. Ibnu Umar kuma ya ba da labari cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa.

Amma akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, an hana zuwa salla da gaggawa, an yi umurni a zo mata da natsuwa. Saboda haka sauri sai a komowa. Minti biyar na komowa sau biyar, minti 25 ne a yini, 175 a mako, ya ma haura abin da likitoci suka nema. Wanda masallaci yake ƙofar gidansa, sai ya zagaya ta doguwar hanya bayan Asuba ko bayan La'asar. Na biyu, salla ibada ce, ana yin ta domin Allah kaɗai. Ruku'u da sujada suna motsa gaɓoɓi, amma wannan bai isa a kira shi horar da zuciya ba, kuma bai kamata a gurɓata niyya da shi ba.

GIRMA DA KUNYA

Babban abin da ke hana mutanenmu motsi ba rashin lokaci ba ne, tsoron bakin mutane ne. Alhaji ya sayi mota, in aka gan shi yana tafiya a ƙasa sai a ce karayar arziki ta same shi. Malami ya ga saurin tafiya zubar da girma ne. Tumbi kuma an mai da shi alamar hutu da wadata. Kakanninmu sun yi fatauci a ƙasa daga Kano har Gwanja, iyayenmu mata sun yi surfe da daka da niƙa da ɗebo ruwa. Yau ga injin niƙa, ga babur da a-daidaita-sahu har ƙofar gida, ga talabijin da waya. Sauƙi ni'ima ne, amma jikin da aka halitta domin motsi bai sake ba.

Wanda yake ganin girmansa ya fi ƙarfin tafiya, to ya duba siffar mafi girman halitta. Tirmizi ya kawo a Shama'ilu cewa tafiyarsa mai ƙarfi ce, kamar mai gangarowa daga tudu, Abu Huraira kuma ya ce sukan wahala kafin su cim masa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata. In shugaban gida mafi daraja ya yi haka da iyalinsa, ba mai gidan da zai ce matarsa ta zagaya tsakar gida da sauri abin kunya ne.

Wannan magana ta fi shafar mata, domin su ne suka fi zama wuri guda, hawan jini kuwa ba ya tsallake su, musamman bayan haila ta ɗauke. Tsakar gida ta isa fili. Rabin sa'a ana kai da kawowa da sauri, ko shara, ko daka gwargwadon iko, ko tafiya ziyarar 'yan'uwa a ƙasa tare da rakiya, duk motsi ne. Haƙƙi ne a kan mai gida ya sauƙaƙa wannan, ya kuma kai iyalinsa a auna su.

Manomi da lebura da ɗan dako kada su ce su sun tsira. Aikin ƙarfi na yini guda, da ɗaukar kaya masu nauyi ba hutu, binciken masana ya nuna ba ya ba zuciya irin amfanin da tafiya mai tsari take bayarwa. Su ma a auna su.

SHARUƊƊA DA HATTARA

Kowane magani yana da ƙa'ida, wannan ma haka.

Na farko, a fara da awo da shawarar likita. Mai son awo na gaskiya ya zauna minti biyar tukuna, kada ya ci goro ko ya sha shayi mai ƙarfi ko taba rabin sa'a kafin awon. In aka sami 180 a sama ko 110 a ƙasa, ba maganar motsa jiki sai magani ya sauko da shi. Haka mai ciwon zuciya, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukari, da mace mai ciki wadda jininta ya hau, duk sai da izinin likita.

Na biyu, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma a yini, ya riƙa ƙara kaɗan duk mako. Annabi ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, jiki ma haka yake so. In aka bar motsi makonni kaɗan, jini yakan koma inda ya fito.

Na uku, a fara a hankali minti biyar, a ƙare a hankali minti biyar. Tsayawa kwatsam yakan kawo jiri, balle ga mai shan maganin da ke buɗe jijiyoyi.

Na huɗu, kada a riƙe numfashi ana yunƙurin ɗaga abu mai nauyi, kamar buhun hatsi ko tura motar da ta mutu. Wannan yunƙuri yana harba jini sama ƙwarai nan take.

Na biyar, a lura da yanayi. A bazara, sa'ad da zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a yi tafiya da sassafe ko da yamma lis, a sha ruwa, musamman mai shan maganin da ke sa yawan fitsari. Da hunturu kuwa sanyi yana tsuke jijiyoyi, jini ya ɗan hau, saboda haka tsoho ya rufe jikinsa, ya jira rana ta fito in ƙura da sanyi sun yi yawa.

Na shida, in ana cikin motsi aka ji ƙirji ya ɗaure ko yana ciwo, ko ciwon ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ko jiri, ko zuciya tana bugawa ba tsari, a tsaya nan take a nemi asibiti. In kuwa aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Kowane minti yana da tsada.

Na bakwai, in gaɓoɓi suka yi tsami, a guji sayen magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac barkatai, domin suna ɗaga jini, suna kuma cutar da ƙoda.

MOTSI BA YA MAYE GURBIN MAGANI

Akwai masu cewa tun da sun fara tafiya, ko suna shan zoɓo da tafarnuwa, ko sun ji sauƙi, sai su ajiye ƙwayoyin asibiti. Wannan kuskure ne mai kisa. Mafi yawan masu hawan jini suna bukatar magani har iyakar rai, likita ne kaɗai zai rage shi in awo ya nuna haka. Akwai kuma mai cewa shi ya dogara ga Allah. Madalla da dogaro, amma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, an umurce shi ya ɗaure ta tukuna. Shan magani da motsa jiki ɗaure raƙumi ne, waraka kuwa ta Allah ce.

Abinci ma abokin tafiya ne. Gishirin da aka yarda wa baligi a yini bai kai giram biyar ba, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin miya da burodi da ƙilishi da yaji. Dunƙulen ɗanɗanon miya rabinsa ko fiye gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Taba kuwa a rabu da ita gaba ɗaya. Ma'aunin nan da ya zo a hadisin Tirmizi, na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ya ishi mai neman rage ƙiba.

AZUMI DA HAJJI

Mai hawan jinin da ya daidaita galibi yana iya azumi, amma ya ga likita kafin watan ya kama, domin a gyara masa lokutan shan magani zuwa buɗa baki ko sahur. Kada ya daina magani da kansa. Motsa jiki kuwa ya bari sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, tafiya zuwa Tarawihi da komowa ma ta taimaka. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, rangwamen mara lafiya yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185.

Maniyyaci kuma ya sani Hajji ibada ce ta ƙafa. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa wajen kilomita uku ne, ban da ɗawafi da tafiya wurin jifa a Mina cikin zafi da cunkoso. Wanda ya fara horar da kansa wata uku kafin tashi, ya tafi da magungunansa isassu, ya yi wa kansa gata. Wanda ya kasa, an yarda ya hau. Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan raƙumi da izinin Annabi sa'ad da ba ta da lafiya.

To, ya 'yan'uwa, abin da muke roƙo ga kowane mai karatu a makon nan abu uku ne. Duk baligi, balle wanda ya kai shekara 40, ya je a auna jininsa, ya kai iyalinsa da iyayensa. Wanda aka ce yana da shi ya riƙe maganinsa, ya rage gishiri. Sa'an nan ya sa takalminsa gobe bayan Asuba ya fara da minti goma. Limamai da masu wa'azi kuma su tunatar da jama'a, domin mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, sahu ya rasa shi, iyali sun rasa mai nema musu, shi kuma ko alwala sai an yi masa. Lafiya uwar jiki ce, kuma tana cikin ni'imomin da za a tambaye mu a kansu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya, ya sa mu yi amfani da ita wajen bauta masa.